Allon harbi na lantarki: za a iya amince masa kamar yadda aka amince wa takarda?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san allon harbi na lantarki ciki da waje ce, wato allon da ke gane inda harsashi ya bi da kansa, ya nuna wa maharbi a sikirin ba sai wani ya je ya duba huda ba.

A ɗauka filin harbi ne na ƙungiya. Yana da layin bindigar iska na mita 10, da layin ƙaramar bindiga .22 na mita 50, da kuma dogon layi inda ake harbi daga mita 300 har zuwa yadi 1000. Ana son a bar takarda a koma na'ura. Kuskuren wannan allo milimita nawa ne a aikace, ba abin da aka rubuta a takardar talla ba? Me ke sa wani lokaci a yi harbi ya ƙi nuna komai, ko ya nuna a inda maharbi ya rantse bai saita ba? Allo iri ɗaya zai wadatar da layukan uku? Sannan wadda ta fi damuna: in maharbi ya ce na'ura ta cuce shi, da me ake raba gardama, tunda babu hudar da za a sa wa ma'auni?

Injiniya_Sauti ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Da tambayarka ta uku zan fara, don sauran a kanta suka rataya. Iri ɗaya ba zai yi ba. Abin da ake kira allon lantarki iri uku ne, kuma kowane da irin ciwonsa.

Na farko rufaffen akwati ne. Firam ne da aka rufe gabansa da bayansa da roba, a ƙananan allunan mita 10 kuma da baƙar takarda mai naɗi. A kusurwoyin ciki akwai ƙananan makirfo, bari mu riƙa ce musu kunnuwa. Da harsashi ya ratsa akwatin, ƙara za ta tashi daga inda ya bi ta bazu ko'ina. Kunnen da ya fi kusa shi ke fara ji, na nesa su biyo baya, daga wannan tazarar lokacin ne na'ura ke lissafa wurin. Sauti na cin kimanin mita 343 a sakan in zafin iska digiri 20 ne. Ke nan a kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana tafiyar kusan sulusin milimita, kuma agogon na'urorin yanzu yana auna abin da bai ma kai haka ba. Don haka matsalar ba ta agogo ba ce, ta iskar da sautin ke bi ce.

Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, gudun sauti na ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a sakan. A digiri 35 ya kai 352. In na'ura ta yi lissafi da 343 alhali 352 ne, harbin da ya faɗa tsakiya ba zai motsa ba, tunda nisansa da kusurwoyi huɗu ɗaya ne. Amma wanda ya faɗa milimita 300 daga tsakiya zai iya kaucewa da kusan milimita 8. Shi ya sa allo mai kunne 3 ke dogara da ma'aunin zafi, mai kunne 4 kuwa yana iya ciro gudun sautin daga harbin kansa. Mai kunne 8, irin HEXTA na Ostareliya, yana da rara: in kunne ɗaya ya kawo lokacin da bai jitu da na sauran ba, sai a ajiye shi a yi lissafi da bakwai. Mai 4 ba shi da wannan sararin. Kunne ɗaya ya yi ƙarya, lissafi zai fito sumul, amma a wurin da harsashi bai bi ba. Abin da ke wahalar da dukkansu shi ne rana ta gasa saman akwatin ƙasansa na cikin inuwa, iskar ciki ta rabu gida biyu. Dalilin ke nan da ake sa soso ko farin allo mai kare zafi a fuskar akwatin, kuma in ya yage a sake shi, kada a ce ado ne.

Na biyu buɗaɗɗe ne, babu akwati ko kaɗan, kunnuwa ne kawai a kusurwoyin firam ɗin katako. ShotMarker da Silver Mountain na wannan sahun ne. Ba bugun harsashi a jikin allo suke ji ba. Harsashin da ya fi sauti gudu yana tsaga iska, yana jan wata ƙara mai kama da ta bulala a bayansa, siffarta kamar mazurari, bakinsa a kan harsashin. Wannan mazurarin ne ke share kunnuwa. ShotMarker na da kunne 8, biyu-biyu a kowace kusurwa, ɗaya a gaban ɗaya, don ya san gudun harsashin da karkatarsa, domin faɗin mazurarin ya dogara da gudun. In harsashi na ninka gudun sauti sau 2, kusurwar mazurarin digiri 30 ce. In ya sauko zuwa sau 1.2, wato wajen mita 412 a sakan, ta buɗe zuwa digiri 56. Yana ƙara kusantar gudun sauti, mazurarin na ƙara zama shimfiɗaɗɗe, kunnuwa su riƙa jin ƙarar kusan lokaci ɗaya, lissafi ya raunana. Ya faɗo ƙasa da gudun sauti, shi ke nan, babu ƙarar da za a ji. A nan ne amsar layinka na mita 10 da na mita 50 take. Ƙwayar bindigar iska ba ta kai ko kusa da gudun sauti ba, harsashin gasa na .22 kuma da gangan ake yin sa ƙasa da gudun sauti. Buɗaɗɗen allo kurma ne a wurinsu.

Na uku ba ya amfani da sauti. Firam ne da aka jera wa fitilu masu hasken da ido ba ya gani a gefe guda, da masu karɓar hasken a ɗaya gefen, a tsaye da a kwance. Harsashi ya wuce, ya yi inuwa, na'ura ta auna inuwar. Meyton da DISAG na Jamus suna yin irinsa, SIUS na Suwizalan ma na da nasa mai leza. Zafi da iska ba su dame shi ba, ba ya cin roba ko takardar naɗi. Maƙiyansa ƙura ce, da garin dalma da ke fantsamowa daga matarar harsashi, da ɓarɓashin takarda, da ƙwaro, da hasken rana in ya faɗa kai tsaye kan masu karɓa.

In ni za a tambaya: mita 10 a sa na haske, mita 50 na haske ko rufaffen akwati, mita 300 rufaffen akwati. Yadi 1000 kuwa in gasa ce ta gaske, rufaffe. In atisaye ne, buɗaɗɗe ya wadatar.

Alƙaliyar_Layi ta rubuta:

Injiniya ya gama da ɓangaren na'ura. Ni kan tambaya ta ƙarshe zan tsaya, don ita ce ke tayar da jijiyar wuya a ranar gasa.

Kafin a yi maganar amana, a duba girman abin da ake aunawa. A allon bindigar iska na mita 10 na hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, da'irar goma ɗigo ce mai faɗin rabin milimita, ƙwayar harbin kuma milimita 4.5. Tun 2013 ake ƙirga makin zagayen share fage na wannan gasa da ɗigo, har zuwa 10.9, harbi 60 su ba da 654.0 in duka sun cika. Tsakanin 10.4 da 10.5 rubu'in milimita ne kacal. A mita 50 da'irar goma milimita 10.4 ce, kowane ɗigon maki milimita 0.8. Babu idon da zai raba wannan a takarda cikin sakan biyu 'yan kallo na jira. Don haka a waɗannan layukan ba a ma tambayar ko na'ura ta kai takarda. Gasar a yadda take yanzu ba za ta yiwu ba sai da ita.

Amma hukumar ba ta ce a rufe ido a bi sikirin ba. Gani ya kori ji, shi ya sa dokokinta suka tanadi shaidar da hannu zai taɓa. A allon mita 10 mai rufaffen akwati, baƙar takardar nan mai naɗi ita ce shaida: bayan kowane harbi ƙaramin inji na jan ta gaba, sai kowace huda ta zauna ita kaɗai a jere, ta farko har ta ƙarshe. A mita 50 ana manna takardar shaida a bayan allon, sannan a kafa wata takarda can baya, tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya. Ta biyun don kama harbin da ya fito daga maƙwabci ne. Ga yadda take aiki. In tsakanin wuraren kwanciyar maharba mita 1.25 ne, takardar baya kuma na mita ɗaya a bayan allo, harsashin maƙwabci zai shigo a karkace, hudarsa ta baya ta kauce wa ta gaba da milimita 25. In ka ɗora takardun biyu a kan juna ka ɗaga su ga haske, duk hudoji za su haɗu sai wannan ɗaya. Wannan dabara na raunana in nisa ya ƙaru. A mita 300 kaucewar 'yan milimita ce, a yadi 1000 ba za ka iya raba ta da komai ba.

In maharbi ya harba sikirin bai nuna ba, ya sanar da jami'in layi nan take, kada ya sake harbi. Jami'i ya rubuta lokaci da lambar harbin, a umarce shi ya yi ƙarin harbi ɗaya. Bayan an tashi, alƙalai su ciro takardar shaida da bayanan da kwamfuta ta adana, su ƙirga huda. In hudoji sun fi abin da na'ura ta nuna da ɗaya, na'ura ce ta yi kuskure, sai a auna hudar a ba shi makinsa. In sun yi daidai, harsashin bai zo allon ba. In kuma darajar harbi yake ƙalubalanta, dole ya yi magana kafin harbi na gaba, kuma in bincike ya nuna na'ura ce da gaskiya za a cire masa maki 2. Wannan tarar tana da amfani, don mafi yawan abin da maharbi ke kira kuskuren allo, fizgar kunama ce ko iskar da bai lura da ita ba.

Shawarata ga kowace ƙungiya, ko ba ta bin dokar ISSF: a rubuta tun kafin a fara gasa abin da za a yi in harbi ya ɓace, da abin da za a yi in harbi biyu sun bayyana a allo ɗaya, da wanda ke da ikon share harbi daga sikirin. Na ƙarshen nan kada a bar shi a hannun maharbi. A ba kowa mai lura da zai zauna bayansa da takarda da biro, yana rubuta kowane harbi yana kiran makin da baki. Kuma a sa sabuwar takardar shaida ga kowane rukuni, a rubuta lambar allo da ta rukunin a jikinta kafin a manna. Takardar da ta sha harbin mutum biyar ba ta shaidar kowa.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: maki na bin gefen huda ne, ba tsakiyarta ba. Na'ura tsakiya take samowa, sannan ta ƙara rabin kaurin harsashi. Na .308 kaurinsa milimita 7.8, na .223 kuma 5.7. In aka bar saitin mai .308 ga mai .223, an ba shi kyautar milimita ɗaya a kowane layi. A gasar mita 300 ta ISSF an kashe wannan magana, ana auna wa kowa da milimita 8.

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Hajiya, Allah ya ƙara basira. Gajerun layukan sun fito mini sarai. Saura dogon layi. Rufaffen akwati mai girman allon yadi 1000 yana da nauyi da tsada, buɗaɗɗen kuwa mutum ɗaya zai ɗauka a jaka. Da gaske bai isa a yi gasa da shi ba? Kuma ta yaya za a gwada shi a san gaskiyarsa kafin a dogara da shi?

Dogon_Zango ya rubuta:

Malam, a nan zan ɗan saɓa wa Injiniya, da girmamawa. Buɗaɗɗen allo ya isa gasar ƙungiya in an kafa shi yadda ya kamata. Mafi yawan kuskuren da ake ɗora masa, na kafinta ne da na mai tef, ba na kunnuwa ba.

Fara da firam. Na'urar ba ta ganin inda kunnuwanta suke, abin da ka rubuta mata shi ta sani. In ka ce faɗi milimita 1800 ne alhali 1810 ne, duk harbin da ya yi nisan milimita 500 daga tsakiya zai kauce da kusan milimita 3. Auna daga tsakiyar mazaunin kunne zuwa tsakiyar ɗaya, sama da ƙasa, hagu da dama, da tef ɗin ƙarfe. Sannan auna daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa, duka biyun. In sun bambanta, firam ɗin ya goce, a kwance shi a gyara, a sa masa katakon tokare a baya. Kunnuwan kusurwoyi huɗun su zauna a shafi ɗaya, su fuskanci layin harbi kai tsaye. Firam da ya murɗe, ko wanda ke rawa a cikin mazauninsa in iska ta taso, shi ne babban mai kawo kuskure. A cusa masa guntayen katako har sai ka girgiza shi da hannu bai motsa ba. Katako na shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, don haka awon farkon shekara ba zai kai ka ƙarshenta ba.

Sai abin da ke gaban allo. Ƙarar da kunne ke ji ba daga jikin allon ta taso ba, daga gabansa ta taso. In kunne na nisan mita ɗaya daga hanyar harsashi, harsashin kuma na gudun sauti sau 1.2, ƙarar da ta iso masa an haife ta tun mita ɗaya da rabi kafin allo. In gudun ya sauko zuwa sau 1.05, sai ya zama mita 3. Saboda haka tudun ƙasar da ke kare ramin da masu jan allon takarda ke fakewa, ko allon lamba, ko doguwar ciyawa, duk suna iya tare kunnuwan ƙasa. Alamarsa ita ce harbin sama na fita lafiya, na ƙasa na ɓacewa ko na watsewa. Maganinsa a ɗaga firam sama.

Iska kuwa gaskiyar Injiniya ce, a nan rufaffe ya fi. A misalin can na sau 1.2, sautin na shafe kusan kashi 5 cikin dubu na sakan a sarari kafin ya iso kunne. Iska mai gudun mita 5 a sakan za ta tura shi fiye da milimita 25 a wannan ɗan lokacin. Ba duka ne ke zama kuskure ba, lissafin kunne 8 na shanye wani ɓangare, amma iska mai kaɗawa tana tsayawa ba ta barin a gyara ta duka. Wannan ne ya sa kuskuren ke ƙaruwa daidai lokacin da harsashi ya gaji kuma iska ta yi ƙarfi. A yadi 1000, wato mita 914, harsashin .308 mai nauyin giren 155, wato kusan giram 10, na isowa bai fi sauti gudu da yawa ba, na .223 kuma yana iya faɗawa ƙasa. Mai irin wannan harsashi a duba gudun da sikirin ke nuna masa a harbin gwaji. In yana dab da gudun sauti, a gaya masa tun kafin a fara ƙirga maki.

Gwaji kuma ba wuya. Manna farar takarda mai kauri, sabuwa, ta rufe fuskar allon duka, a shimfiɗe ba kumburi. Ja layi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su haɗu a tsakiyar da na'ura ta sani. Yi harbi 20, kada ka tara su wuri ɗaya: 5 kusa da tsakiya, sauran ka juya madubin bindiga ka watsa su kusurwoyi huɗu har zuwa bakin da'irar waje. Ka riƙa duba sikirin kana lura da jerinsu. Ciro takardar ka shimfiɗa a tebur, ka auna tsakiyar kowace huda daga layukan biyu da rula ta ƙarfe, ka rubuta kusa da lambobin da na'ura ta bayar, ka cire wannan daga wancan. Abu uku za ka gani. In duk harbin sun kauce gefe ɗaya da adadi ɗaya, misali milimita 6 hagu, tsakiyar takarda ce ba ta hau tsakiyar na'ura ba, sai ka shigar da gyaran a manhaja. In na tsakiya daidai suke amma kaucewar na ƙaruwa kana fita waje, awon firam ne. Abin da ya rage bayan ka cire waɗannan biyun, wanda ba shi da alƙibla, shi ne ainihin kuskuren allonka. A maimaita a ranar da babu iska da ranar da ake iska, a gajeren zango da mafi nisa.

Lambar da ka samu ka gwada ta da da'irar da ake fafatawa a kai. A ajin F na Amurka, wani rukunin gasar harbin nesa, da'irar X, wato ta can tsakiya, a yadi 1000 inci 5 ce, milimita 127, ta goma kuma inci 10. Kuskuren milimita 2 ko 3 harbin da ke bakin layi kawai zai taɓa, wani ya samu wani ya rasa. In ya kai milimita 10, to ba a raba na ɗaya da na biyu da wannan allon. Kuma a yi adalci, takarda ma ba tsarkakakkiya ba ce. Tana miƙewa da danshi, facin da ake liƙawa na rufe layi, mai rami in ya gaji yana iya sa alama a tsohuwar huda.

Amfaninsa kuwa a dogon layi ba kaɗan ba ne. Ba a raba maharba gida biyu, rabi na harbi rabi na cikin rami suna jan allo, don haka yini ɗaya na ɗaukar kusan ninkin harbi. Babu mutum a ƙarshen fili. Mutum ɗaya na iya zuwa ya yi atisaye shi kaɗai. Kana ganin faɗin tarin harbinka da gudun kowane harsashi a bakin allo, abin da takarda ba ta taɓa faɗa maka. Wannan gudun ma na taimaka wa Hajiya da abokan aikinta: in baƙon harbi ya bayyana a allonka da gudun da ya bambanta da naka sosai, an san daga wata bindigar ya fito. Abu ɗaya da ya canza wasan shi ne sauri. Da takarda sai ka jira a sauke allo a ɗaga, iska ta juya kafin nan. Da na'ura mutum na iya zuba harbi 20 cikin yanayin iska ɗaya. Shi ya sa wasu dokokin gasa suke sa jinkirin 'yan sakan kafin sikirin ya nuna harbi, kuma ina goyon bayan haka.

Mai_Gyaran_Allo ya rubuta:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma rufaffen akwatin da ake yabo sai da kulawa yake zama abin yabo. Robar tana rufe kanta bayan harsashi ya wuce, amma tsakiya, inda kowa ke bugu, tana cinyewa. Da rami ya buɗe a nan, ƙarar waje na shiga kafin harsashi ya ratsa, sai allo ya fara jefa harbin tsakiya gefe. Abin takaici, gwanaye ne ke fara shan wannan, don su ne ke bin tsohon rami. Kafin kowace gasa a shiga bayan allo a duba ta fuskar haske. In kana hango rana ta cikin robar, a ja ɗamarar roba gaba ko a liƙa faci, a duba ta bayan ma, don harsashi ya fi yaga wajen fita. A share ɓarɓashin roba da ya taru a ƙasan akwati kan kunnuwan ƙasa. Harsashi mai buɗaɗɗen baki ya fi cin roba, a san da haka wajen tsara lokacin canji. A mita 10 in takardar naɗi ta maƙale, ƙwaya za ta bi tsohuwar huda ba ƙara, harbi ya ɓace, don haka a tabbata tana motsi bayan kowane harbi.

Batir mai bolt 12 na dalma in ya cika yana nuna 12.6 zuwa 12.7. Ya sauko 12.0, ya sha fiye da rabi, a canza shi kafin rukunin yamma. Mahaɗin waya shi ne inda tsatsa ke fara kamawa, a shafa masa man kariya a juya bakinsa ƙasa don kada ruwa ya kwanta. Ɓera na cin waya, zanzaro na gini a ramin kunne, gizo-gizo na saƙa a gaban gilashin na haske. Akwatin na'ura da wayoyi su zauna ƙasa da tudu ko bayan farantin ƙarfe, a rufe farantin da katako don kada tarwatsin harsashi ya yanke waya. In hadari ya taso a cire dogayen wayoyi, tsawa ba sai ta faɗo kan allo take ƙona na'ura ba. A ajiye allo ɗaya a kunne ba mai harbi a kansa, da kunne da waya na sauyi, don a matsar da maharbi cikin minti biyar in nasa ya tsaya.

Injiniya_Sauti ya rubuta:

Na karɓi gyaran Malam Dogon_Zango a kan gasar ƙungiya, da sharaɗin an yi gwajin takardar nan an ajiye sakamakonsa a rubuce. Ƙari biyu kawai.

Ɓacewar harbi ba kullum daga allo take ba, sau da yawa rediyon da ke kai saƙo daga allo zuwa sikirin ne. Saƙon da ke tafiya mita 900 yana bukatar fili a kewayensa, ba layin gani kawai ba. A zangon gigahaz 2.4 wannan filin na kai wajen mita 5 ta kowane gefe a tsakiyar hanya, don haka eriyar da aka ajiye a ƙasa kusa da tabarmar maharbi rabin ƙarfinta ƙasa ke shanyewa. A ɗaga ta kan sanda mita 2 ko 3 a duka ɓangarorin, a gefen layin wuta. Kafin a saya a tambaya ko na'urar da ke wajen allo tana adana harbi ta sake turowa in saƙo ya yanke. In tana yi, harbin zai makara ne kawai, ba zai ɓace ba.

Na biyu, harbi biyu a lokaci ɗaya. Buɗaɗɗun alluna da ke jere suna jin harsashin juna. In biyu suka iso tsakaninsu 'yan kashi cikin dubu na sakan, ƙarar ɗaya na iya shiga lissafin ɗaya, harbi ya ɓace ko ya fito a wurin banza. A harbin nutsuwa da wuya ya faru, amma a zagayen sauri, inda mutum 20 ke sakin harbi 10 cikin minti ɗaya, dole a sa ran haka. A gwada wannan ma: a jera mutum 4 ko 5 a alluna maƙwabta, a sa sabuwar takarda a kowane, a ba su umarnin harbi tare sau 10, sannan a ƙirga hudojin kowace takarda a gwada da abin da sikirin ɗinta ya nuna.